Makullin da ke Wuyana

"Ki dube ni!"

Ban ɗago ba. Na ci gaba da manna takarda a jikin kwalbar.

"Mai Makulli, don girman Allah ki dube ni... Ban ce ki yi magana ba. Ki ɗaga gira kawai. Ko ki girgiza kai. Ni zan gane."

"Akwai mutane a bayanka, Dakta."

"Au, yau kuma ni ne Dakta?"

Ya dafa tagar ɗakin magani da hannu biyu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Wannan shi ne mutumin da saura wata biyu manyansa su zo wajen nawa, mutumin da ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai yau.

"Gwajin jinin Mama ya fito," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ƙodar tana ƙara ja da baya. Uwata ce fa! Abin da kike zuba mata a kwalbar nan, na gaske ne ko na wofi?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba kya so?"

Wayyo ni! Duk yadda na cije leɓe, sai da hawaye ya ci amanata. Ɗigo ɗaya ya faɗo a kan takardar, daidai kan lambar Mama, ɗari da sha bakwai.

Ya kalli ɗigon, ya kalle ni.

"Shi ke nan. Na ji amsa."

"Ban ba ka amsa ba! Likitana, wallahi ban ce komai ba!"

Ya turo mini kwalbar da ɗan yatsa, ya juya ya tafi. Tsohon da ke bayansa a layi ya matso ya miƙo katinsa, na karɓa ina share ido da bayan hannu.

Na san kun fara cewa wannan yarinya ba ta da imani. Ku tsaya tukuna, ku ji yadda aikin yake.

Ni mai haɗa magunguna ce a sashen bincike na asibitin koyarwa na jami'a. Farfesa, shugaban sashenmu, yana gwada wani sabon magani a kan ciwon ƙoda mai bin jini, irin wanda uwa ke bar wa 'ya'yanta. Mutum ɗari uku suka sa hannu da yardarsu. Kowa yana ci gaba da shan maganinsa na da, ba wanda aka hana wa komai. Ƙarin da ake yi shi ne kwalba ɗaya duk wata. Rabinsu sabon maganin ne a ciki. Rabi kuma ƙwaya ce ta wofi, kala ɗaya, girma ɗaya, har ɗacin ɗaya, amma ba komai cikinta sai gari. Kwamfuta ce ta raba su, ba mutum ba.

Kuma ba wanda ya san nasa. Mai sha bai sani ba, likitansa bai sani ba, Farfesa kansa bai sani ba. Don likitan da ya sani zai riƙa ganin sauƙi inda babu, mara lafiyar da ya san ta wofi yake sha kuma zai ajiye ya yi tafiyarsa. Daga nan lissafi ya ɓaci, ba za a taɓa sanin ko maganin yana warkarwa ko yana kashewa ba.

Mutum ɗaya tak ya san wa ke shan me. Takardar tana cikin kabad na ƙarfe a ɗakin ciki, makullin kuma yana wuyana da 'yar sarƙa, ko wanka zan shiga ba na cire shi.

Makullin nan shi ya fara jawo mini magana. Ranar da Likitana ya fara rako Mama karɓar kwalbarta, wata na uku da shigarta binciken, ya leƙo ta taga ya ce, "Mata suna saka zinare, ke kin rataya makulli. Mai gadi ce ke?"

"Lambarka nawa a layi?" na ce masa.

"Ka ji ko, Auta?" in ji Mama tana dariya. "Yau ka gamu da daidai kai."

Likitan yara ne. A sashensu Dakta Balan-balan suke ce masa, don safar hannu yake hurawa ya zana mata ido da baki kafin ya yi wa yaro allura. Daga ranar ya maƙale mini. In ina koya wa ɗalibai lissafin awon magani, sai in hango shi a kujerar baya da farar rigarsa, yana ɗaga hannu yana tambayar shirme. Ranar da muke fita unguwar bayan asibiti mu auna wa mutane jini kyauta, shi ne mai ɗauko mini kujera, shi ne mai riƙe mini lema, har tsofaffin matan unguwar suka fara tambaya yaushe ne biki.

Da na ga abin ya wuce wasa, na je na samu Farfesa a ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, ɗan ɗaya daga cikin masu shan maganin yana nemana. Ni ma... ina sonsa."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ba mai karɓar makullin daga hannuna, don abokiyar aikina da aka horar tare da ni ta tafi ƙaro karatu, kafin a horar da wata a samo izini sai an ci watanni.

"Za ki iya riƙe bakinki?"

"Zan iya."

"Baki ai mai sauƙi ne, 'yata. Fuska fa?"

Na yi dariya a lokacin. Ranar da hawayena ya ɗiga a kan kwalbar Mama na tuna da maganar nan, ban yi dariya ba.

*

Kafin a tashi aiki ranar, na ji takunta tun daga ƙarshen baranda. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Likita ce mai duba masu shan maganin binciken, kuma nas-nas ne suka raɗa mata Dakta Ƙwas-ƙwas saboda dogon takalminta. Ajinsu ɗaya da Likitana tun shekarar farko, kuma duk asibitin nan, har masu shara, an san inda idonta yake.

"Sannu, ƙawata," ta ce tana jingina da taga. "Na ji abin da ya faru. Wallahi tausayi kika ba ni."

"Na gode."

"Amma ke ma da naki. Namiji kamar wannan, ya tsallake likitoci reras, ya zo ya tare a bakin taga? Ba ki taɓa tambayar kanki me ya gani ba?" Ta kai ɗan yatsa ta taɓa sarƙar wuyana. "Wata na uku da shigar uwarsa fa ya fara sonki. Ni dai ban ce komai ba."

Ta tafi ta bar ni da ƙamshin turarenta da kuma maganar, wadda ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Ashe ba ni kaɗai ta kai wa ziyara ba. Washegari da hantsi, ina tsaye da ɗalibai takwas ina nuna musu yadda ake adana magani, sai ga Yaya. Ita ce babbar 'yar Mama, su biyu ke nan ita da Likitana. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ke ce za ki kashe mana uwa?"

"Yaya, don Allah mu shiga ciki..."

"Kada ki ƙara ce mini Yaya! Dakta ta faɗa mana komai. Ke kaɗai ke zuba maganin nan, ba mai ganinki. Da kina da ɗigon ƙaunar ƙanena a ranki, da tuni kin zuba wa Mama na gaske, wa zai sani? Amma kin zauna kina ba ta gari kina kiranta Mama, munafuka!"

Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"In dai ina numfashi," ta ce tana nuna ni, "ƙafarki ba za ta taka gidanmu ba!"

Da ta juya na lura da ƙafafunta. Sun cika takalmin sun tasa ta gefe. Idon aiki ne, ba ya barin mutum ko yana cikin kuka.

Ranar na koma wajen Farfesa ina roƙo. Na ce ya ba da izini a buɗe takardar Mama ita kaɗai, kowa ya huta.

"Doka ta ce ana buɗewa ne idan rai na hannun Allah kuma sanin zai canza abin da likita zai yi," ya ce. "A nan ba abin da zai canza. In na buɗe wa uwar likita yau, gobe uwar mai shara ta zo, me zan ce mata?"

Abin da kawai ya yi shi ne ya cire Dakta Ƙwas-ƙwas daga binciken saboda kai maganar aiki gidan mara lafiya. Ita kuma ko a jikinta. Sai ma ta samu lokacin zuwa gidansu Mama kullum da ledar 'ya'yan itace.

Likitana na same shi bayan kwana uku, ƙarƙashin bishiyar da ke gaban kantin ma'aikata, inda muka saba shan shayi. Ya rame har ya yi duhu.

"Na rubuta takarda," ya ce ba tare da ya dube ni ba. "Na cire Mama daga bincikenku."

"Saboda hawayena?"

"Na san fuskarki fiye da tawa."

"To ko da na gaske ne, ka san yana yi mata amfani? Kai likita ne! Ba wanda ya sani tukuna, wataƙila ma cutarwa yake yi, shi ya sa ake gwadawa!"

"Kada ki karanta mini lacca. Ba ɗalibinki ba ne ni."

Zuciya ta ɗebe ni. Maganar da na kwana uku ina haɗiyewa ta fito da kanta.

"Tun farko ni ka so, ko makullin?"

Ya juyo a hankali. Ban taɓa ganin mutum ya ji ciwon magana haka ba.

"Abin da kika ɗauke ni ke nan?"

"Ka ba ni amsa!"

"Ke kin ba ni tawa?" Ya miƙe ya ajiye kofin shayin da ko kurɓa bai yi ba. "Ki riƙe makullinki. Allah ya bar ku tare."

*

Sati biyu ina zuwa aiki kamar gawa. Ranar wata Laraba, layi ya ƙare ina shirin rufe taga, na ji wata murya da na sani.

"Lamba ɗari da sha bakwai ta zo karɓar kwalbarta."

Mama ce, ita kaɗai, da tsohuwar jakarta a hammata. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, har yanzu in ta yi magana sai ka ji kamar ka miƙe tsaye.

"Mama! Wa ya kawo ki? Ai... ai an cire ki."

"Wa ya cire ni? Auta ne ya sa hannu ranar da na shiga, ko ni? Yaron da na yi wa tsarki shi zai cire ni daga abin da na shiga da hankalina?" Ta turo katinta. "Daga wajen Farfesanku nake. Shi zai riƙa duba ni da kansa. Na kuma ce masa kada 'ya'yana su ji, ke ma haka nake ce miki."

Na fito na zaunar da ita a benci, na durƙusa a gabanta. Ta kama haɓata ta ɗago.

"Kin rame, 'yar nan. Sun zage ki ko?"

Na gyaɗa kai.

"Saurara. Ciwon nan shi ya ɗauki mahaifiyata tana da shekara hamsin. Shi ya ɗauki ƙanena. Ni na haifi biyu. Babbar ƙafafunta sun fara kumbura, tana saka dogon zane tana ɓoye mini, ta zaci makauniya ce ni. Kin ga ranar da aka karanta mini takardar nan, an faɗa mini ƙarara rabi za su sha ta wofi. Na ce na ji. Ba don kaina na shiga ba."

"Mama..."

"Ban tambaye ki ba, kuma kada ki faɗa mini. Tashi ki kawo mini kwalbata, rana tana yi."

Na shiga ɗakin ciki na turo ƙofa.

To, yanzu zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Ta wofi ce. Tun ranar farko ta wofi kwamfuta ta zaɓa wa Mama. Hawayena bai yi ƙarya ba.

Kwali biyu ne a kan kanta, ɗaya na gaske, ɗaya na gari. Ba taga a ɗakin, ba kowa sai ni da Allah. Maganar Yaya ta dawo mini, wa zai sani? Wallahi ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna kwalin na gaske ya nufa. Na ƙirga talatin. Na zuba a kwalbar Mama. Na rufe. Har na manna takarda.

Sai na tsaya ina kallonta.

Idan maganin nan guba ne ga ƙodar da ta riga ta raunana, ni na kashe ta da hannuna. Idan kuma yana aiki ta samu sauƙi, takarda za ta nuna mai shan ta wofi ta warke. Lissafi zai ce gari da magani duk ɗaya ne. A jefar da shi. Ranar da Yaya za ta zo nema a ce babu.

Na buɗe kwalbar na juye, ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Na ƙirga talatin daga ɗaya kwalin. Na wanke fuska a famfo, na tsaya gaban madubi har sai da na ga fuskar ta daina faɗar komai, sannan na fito.

"Ga shi, Mama. Ɗaya kullum, bayan karin safe."

"Allah ya yi miki albarka," ta ce, ta jefa a jaka.

Sau bakwai muka yi haka ni da ita.

Wata bakwai ina miƙa wa uwar wanda nake so gari da hannuna, tana sa mini albarka. Duk zuwan da za ta yi sai na ga ta ƙara ƙanƙancewa. Zobenta da ke ɗan yatsan tsakiya ya koma babban yatsa don kada ya zame. Shi kuwa Likitana, in mun haɗu a baranda sai ya ce, "Sannu da aiki," kamar yadda zai ce wa kowa. Nas-nas suna gulma cewa Yaya ta dage sai ya auri Dakta Ƙwas-ƙwas. Ina ji, ina ƙirga ƙwayoyi.

Zuwanta na bakwai da ƙyar ta kai benci. An riga an fara yi mata wankin ƙoda. Ta karɓi kwalbar ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

"Hannunki sanyi," ta ce. "Ki riƙa cin abinci."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bayan kwana goma sha tara Mama ta rasu a sashen masu ciwon ƙoda, hawa biyu a saman tagata, da rana tsaka ina cikin raba magani.

Na je gidan gaisuwa. Yaya ta tare ni a bakin ƙofa, idonta a kumbure.

"Kin zo ki ga aikinki?"

Na hango shi a tsakar gida cikin maza. Ya gan ni. Ya sunkuyar da kai. Na juyo da ƙafata na dawo.

Sati biyar bayan nan, kwamitin da ke sa ido a kan binciken ya duba lissafi ya ce a dakata haka. Maganin yana aiki. Yana aiki sosai, har ba daidai ba ne a ci gaba da ba wa kowa ta wofi. Farfesa ya sanar a babban ɗakin taro, ɗalibai da likitoci suka miƙe suna tafi, wasu har da rungumar juna.

Sati biyar! Ni ban yi tafi ba. Banɗaki na shiga na kulle, na toshe bakina da gyale.

*

Wata uku suka wuce. Aka kwashe takardun kabad ɗina aka kai ofishin Farfesa, aka aika wa kowane gida wasiƙa da bayanin abin da mutuminsu ya sha da kuma tsawon lokacin. An kuma samo izinin ba wa duk mai irin ciwon a asibitinmu sabon maganin. Layin tagata ya ninka.

Wata ranar Litinin da la'asar, na ɗago in karɓi kati, sai aka ajiye mini baƙar leda a taga.

Shi ne.

Ya buɗe ledar ya fara fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa. Kwalba bakwai. Kowace da rubutun hannuna, kowace da lamba ɗari da sha bakwai.

"Wasiƙarku ta zo," ya ce. "Ta ce Mama ta ci gaba da sha har ta rasu. Na ce ƙarya ne, ni na cire ta. Sai muka buɗe akwatinta. Suna ƙarƙashin tsofaffin littattafan 'yan ajinta."

Na bi kwalaben da kallo.

"Kin san ta wofi ce."

"Na sani."

"Kowane wata."

"Kowane wata."

"Da kin canza..."

"Na ɗauka," na ce. "Na zuba, na rufe, na manna takarda. Sannan na juye. Ka tsane ni in kana so, Likitana, ni ma ban yafe wa kaina ba. Kullum sai na ƙirga sati biyar ɗin nan."

Ya runtse ido. Ya ɗauki kwalba ta bakwai, wadda ƙwayoyi suka rage a cikinta, ya buɗe ya zaro wata 'yar takarda a nannaɗe.

"Karanta."

Da jan biro ta rubuta, irin na gyaran jarrabawa.

"Auta, a wannan karon ka ci sifili. Tun wata na huɗu jikina ya faɗa mini ta wofi nake sha. Yarinyar nan ba ta taɓa faɗa mini ba, ko da ido. Dole wani ya sha ta wofi kafin a san ta gaske, to ni na sha, da sanina. Ka daina fushi da ita, aikin da na saka ta ta yi. Zoben nan nata ne, ka kai mata da hannunka. Ka kuma ja Yayarka ka kai ta a auna ta, ko tana zagi."

Rubutun ya narke a idona. Ta sani! Ashe duk watannin nan da nake tsayawa gaban madubi ina gyara fuska, ta sani, kuma tana karɓa tana sa mini albarka.

Ya karkata kwalbar, zoben ya faɗo a tafin hannunsa.

"Kwana biyu ina yawo da shi a aljihu," ya ce. "Na so in ci gaba da jin haushinki, ya fi mini sauƙi. In na bar jin haushinki sai in ji nawa. Ni na bar ta tana hawo mota ita kaɗai da ciwo, saboda ta san in na ji zan hana."

"Dakta Ƙwas-ƙwas fa?"

"Ban taɓa amsawa ba. Ko sau ɗaya." Ya kalli wuyana. "Har yanzu kina rataye da shi?"

"Na saba ne. Kabad ɗin ba komai ciki yanzu. Makullin ba ya buɗe komai."

"To ga ni a bakin taga," ya ce. "Kin samu amsarki, ke na so ko makullin?"

Kuka ya ƙwace mini.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mai Makulli. Zan daɗe ina kallon hannun nan ina tuna abin da ya miƙa mata. Wata rana zan yi shiru ki rasa dalili. In za ki iya haƙuri da ni..."

Na miƙa hannun ta taga. Ya saka mini zoben. Ya yi mini yawa, kamar yadda ya yi mata a ƙarshe, sai da na mayar da shi babban yatsa.

"Akwai mai jira a bayana," ya ce, ya matsa gefe.

Sai a lokacin na ga wadda ke zaune a benci, daidai inda Mama ke zama. Ta miƙe da ƙyar, tana jan ƙafafun da suka kumbura har ba sa shiga takalmi sai silifa. Ta iso taga ba ta ɗago ba. Ta turo katin asibiti sabo fil da takardar Farfesa.

Na shiga ɗakin ciki. Kwali ɗaya ne yanzu a kan kantar. Na ƙirga talatin, na rufe, na manna takarda, na fito.

"Ɗaya kullum, bayan karin safe."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya kwalbar, ta sake juyawa. Da ta ɗago, babu ko ɗigon faɗan nan a idonta, tsoro ne kawai.

"Ƙanwata..." ta ce, da ƙyar maganar ta fito. "Wannan... na gaske ne?"

Shekara biyu ana yi mini tambayar nan a bakin tagar nan, ina sunkuyar da kai. Na dube ta ido cikin ido, na bar hawayen ya zuba yadda yake so.

"Na gaske ne, Yaya. Wallahi na gaske ne."